Katin Gaisuwa daga Zariya

A ƙarshen shekarun saba'in aikina a gidan rediyon Jos shi ne fassara labarai da karanta su. Shirin gaishe-gaishe na yammacin Lahadi ba nawa ba ne, amma a wata shekara mai gabatar da shi ya tafi hutun wata guda, aka miƙo mini kwandon katuna. Mutane sukan rubuta sunansu da garin da suke, su jero waɗanda suke gaisarwa, mu karanta yadda aka rubuta, sannan a sa faifai. Babu mai binciken kati, don ba wanda ya taɓa tunanin mutum zai yi ƙarya a cikin gaisuwa.

Yayata, wadda nake bi, tana aure a Nasarawa Gwom, layi biyu tsakaninta da gidan mahaifiyarmu inda nake zaune. Mijinta direban bas ne a Titin Bauchi. 'Ya'yansu biyu, mace mai shekara bakwai da namiji da bai cika huɗu ba. Na ukun bai zo da rai ba, kuma bayan wannan haihuwar ne Yaya ta fara canjawa. Barci ya ƙaurace mata. Takan ce an taɓa mata jeren kwanuka alhali ba wanda ya shiga ɗakin. Daga baya ta fara cewa ana shirin ɗauke ta a kawo wata a madadinta, mai kama da ita, mai suna irin nata. Wata safiya masu lambu suka same ta a bakin wani kududdufin da masu haƙar kuza suka bari a Naraguta, ba takalmi, zaninta a jiƙe har gwiwa. Ta gaishe su da ladabi, ta ce hanyar gida take nema.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, har sati uku. Maƙwabciyarsu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar asalin tsaunukan nan da duk layin ke kira Sista, ita ce ta tsaya kai da fata sai da aka kai Yaya asibiti, ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa. Yaran suka dawo gidanmu.

A daren farko ba a ce musu komai ba. Washegari Inna, wato mahaifiyarmu, ta kira ni da mijin Yaya ɗakinta, ta yanke maganar a taƙaice: za a ce wa yara uwarsu ta tafi Zariya wurin gwaggonmu.

"Yarinyar nan mace ce," in ji Inna. "Yau shekara bakwai, gobe ka ga an zo tambaya. Ba zan so a ce uwarta ta taɓa..." Ba ta ƙarasa ba, mu ma ba mu ƙarasa mata ba.

Sista ce kaɗai ta ƙi. Ta tare ni a ƙofar gida da farin takalminta, za ta tafi aiki.

"Oga rediyo, wannan yarinya ya san abu fa. Ka gaya masa gaskiya kaɗan kaɗan, kaman magani. In ka ɓoye, shi zai ƙirƙira nasa, kuma nasa zai fi muni."

Na yi mata godiya. Ina tuna cewa a lokacin hankalina yana kan Hausarta, ina gyara ta a zuci kamar yadda nake gyara takardar sabon ma'aikaci, har shawarar ta wuce ni.

Zancen Zariya ya riƙe sati biyu. Ƙaramin ya koma fitsarin kwance, kuma duk hon ɗin motar da ya ji sai ya ruga zaure. Babbar ba ta kuka. Tambaya take yi, ɗaya bayan ɗaya, irin tambayar da ba ta barin wurin zillewa.

"Kawu, Zariya da nisa?"

"Da ɗan nisa."

"Amma motoci suna zuwa daga can?"

"Kullum."

"To me ya sa ba ta ba wani direba saƙo ba? Ko tsarabar ba ta aiko ba, ai sai ta ce a gaishe mu."

Na ce wataƙila aiki ne ya yi mata yawa. Ta dubi kwanon gwaten da ke gabanta, ta ture shi kaɗan.

"Fushi take yi da mu ko?"

Wannan tambayar ce ta bi ni ofis. Ranar Lahadi, kafin a buɗe shiri, na zari kati ɗaya da ba a rubuta ba. Na sa sunan Yaya cikakke, na sa Zariya, na rubuta cewa tana gaida 'ya'yanta biyu da ke Nasarawa Gwom, su ci abinci, babbar ta yi ta karatu, tana nan tafe. Har karkata rubutun na yi don kada ya yi kama da nawa, ko da yake ba mai dubawa. Na sa shi na huɗu a jeri. Da na zo kansa ban rage murya ba, ban ƙara ba, na karanta shi kamar sauran.

Da na dawo gida Inna ta ba ni labari. Ta zaunar da su gaban rediyo kamar yadda na ce. Da aka ambaci sunansu ƙaramin ya zagaya bayan akwatin yana leƙa ramukan, yana kiran Mama. Babbar ta miƙe tsaye, ta sake zama, ta tambayi Inna ko akwai sauran tuwo. Inna ta sa mini albarka a ranar. Ni ma na kwanta ina jin na yi dabara. Na sake yi Lahadi biyu a jere, ina ɗan canja kalmomin.

Ranar Alhamis ake barin mu ganin Yaya. A makonnin nan ta fara samun sauƙi: tana barci, tana taje kanta, har ta fara tambaya ko an sai wa ƙaramin rigar sanyi. Alhamis biyu ban samu zuwa ba saboda aiki. A ta ukun na same ta zaune a bakin gado, ta naɗe bargonta tsaf, hannayenta a kan cinya. A kan wata kanta kusa da teburin ma'aikatan jinya akwai rediyo, wanda na sha gani ban taɓa kawo shi a raina ba.

Muka gaisa. Ta tambayi Inna, ta tambayi aiki. Sannan ta ce, "Wace ce ta Zariya?"

Ban gane ba da farko.

"Wadda ke gaida yaran. Sau uku ke nan. Kai ne ma kake karantawa."

Na durƙusa a gabanta na ce, "Yaya, ni na rubuta. Babu kowa a Zariya. Ƙarya na yi wa yara don su ci abinci."

Ta yi murmushi irin wanda take yi mini tun muna yara in na faɗi shirme.

"Kai? Kai da ko ƙosai ɗaya ka ɗauka sai ka je ka kai ƙarar kanka? Kuma wannan ai ba kai ba ne, rediyo ne. Ana barin mutum ya faɗi abin da ba shi ba a rediyo?"

"Yaya, wallahi..."

"Kar ka rantse. Na daɗe ina gaya muku an canja ni, kuna cewa ciwo ne. To ga shi an sanar, duniya ta ji." Babu fushi a muryarta. Sauƙi na ji a ciki, irin na wanda aka sauke wa kaya. "Alhamdu lillahi. Abin da ke hana ni barci dama yaran ne. Tunda uwarsu tana nan, shi ke nan."

Likitan, wani dattijo marar yawan magana, ya saurare ni har na gama. Bai yi mini faɗa ba, ya dai rubuta wani abu a takarda, ya ce irin wannan tunanin yakan nemi abin da zai kama, ni kuma na miƙa masa abu mai ƙarfi. Ya ce a kawo yaran ta gan su, wataƙila idonta ya gaya mata abin da bakinmu ya kasa. Ke nan dole su san inda za a kai su.

Washegari bayan la'asar na ɗauke su muka hau dutsen da ke bayan layinmu, inda mata ke shanya. Na shirya maganar tun a hanya kamar yadda nake shirya labarin rasuwa: abu mafi nauyi a jimlar farko, ba kwana-kwana. Na ce Mama ba ta Zariya, tana asibiti a nan Jos. Na ce ciwon a tunaninta yake. Yadda ido kan yi ciwo mutum ya ga abu ba daidai ba, haka tunani ma yakan yi ciwo. Na ce ba wani abu da suka yi ne ya jawo ba, kuma ba a ɗauka. Sannan na ce gaisuwar rediyo ni na rubuta, ba ita ba, kuma kuskure ne babba.

Ƙaramin ya tambaya ko allura ake yi mata. Na ce wani lokaci. Ya ce to a gaya mata ta rufe ido.

Babbar ta daɗe tana kallon rufin kwanon gidaje.

"Duka ukun?"

"Duka ukun."

"Har wanda ta ce in yi ta karatu?"

"Har shi."

"Na gaya wa 'yan ajinmu," ta ce. "Na gaya wa malama ma."

Na ba ta haƙuri, na yi mata alkawarin daga ranar duk abin da ta tambaye ni zan faɗa mata yadda yake, in ban sani ba in ce ban sani ba. Ta kama hannun ƙaninta suka sauka, ta bar ni a kan dutsen.

Alhamis ta zo. Inna ta yi musu wanka, ta sa musu kayan Sallah. Yaya ta hango mu tun daga ƙofa, ta miƙe da fara'a, ta shimfiɗa zani a kan gado.

"Maraba, maraba da baƙi!" Sai ta kira babbar da sunanta, ƙarara, har sau biyu. "Zo nan mana, 'yar kirki."

Yarinyar ta tsaya cak. Ita ce 'yar fari, kuma tun da aka haife ta Yaya ba ta taɓa furta sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan", tana kau da kai. Kowace 'yar fari ta san wannan kunyar, ta kuma san ita kaɗai ake yi wa, domin ita ce ta farko. Mace ba ta sakin baki ta kira suna haka sai ga 'yar wani.

Ƙaramin bai san wannan ba. Ya ruga ya haye cinyarta, ya cusa kai a ƙirjinta. Ta riƙe shi da kyau, tana shafa bayansa.

"Wannan akwai son mutane," ta ce da ni. Sannan ta sunkuya gare shi. "Ka yi haƙuri ka ji? Mamarku ta kusa dawowa. An faɗa a rediyo."

"Ke ce Mama," in ji shi, yana dariya, a zatonsa wasa ne.

"Allah sarki," ta ce.

A cikin bas, muna hawa Titin Bauchi, ƙaramin ya yi barci. Babbar, wadda kwana shida ba ta ce mini uffan ba, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Kawu, in kun faɗi abu ba daidai ba a labarai, me kuke yi?"

"Mu gyara washegari."

"To ka gyara. Tunda rediyo take yarda da shi, ka faɗa a rediyo cewa ita ce."

Na bayyana mata abin da hakan ke nufi: in aka faɗa, ba Mama kaɗai za ta ji ba. 'Yan ajinsu za su ji, da malama, da duk layin. Ta ce ta sani.

Inna ta ce sam. Ta ce an rufa asiri wata biyu, ba za a tona shi da lasifika ba. Mijin Yaya ya zo da yamma da warin man mota a jikinsa, ya zauna a bakin ƙofa ya saurari kowa. Mutum ne da ba ya musu da Inna ko a kan gishiri. Ya ce duk tasha suna jin wannan shirin, yaran mota ma har haddace gaisuwar suke yi. Sannan ya kira 'yarsa.

"Ke kika ce a yi?"

"Ni ce, Baba."

"In aka yi miki dariya a makaranta fa?"

"Ai dama za su yi, saboda na Zariya."

Ya goge fuskarsa da hularsa, ya ce, "Inna, ki gafarce ni. A karanta."

Yarinyar ce ta faɗi abin da za a rubuta, ni na riƙe alƙalami, ban gyara mata ko kalma ɗaya ba. Sunanta da na ƙaninta, daga Nasarawa Gwom, suna gaida mahaifiyarsu, ga cikakken sunanta, wadda ke kwance a asibiti a nan Jos, ba a Zariya ba. Ba su da wata uwa sai ita. Ta sha magani ta dawo.

Mai shirin ya riga ya dawo daga hutu. Na roƙe shi ya bar ni in karanta kati ɗaya da bakina. Ya duba katin, ya dube ni, ya matsa mini kujera. A shekarun da na yi ina aiki na karanta labarin haɗari da na juyin mulki muryata ba ta motsa ba. A wannan katin sai da na tsaya a tsakiya na daƙiƙa biyu ko uku, wanda a rediyo lokaci ne mai tsawo.

Jos ta ji. Tun daga Litinin mata suka fara shigowa yi wa Inna sannu, wasu da kwanon abinci, wasu don su ga fuskarta kawai. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shigowa gidanmu. Yarinyar ta dawo daga makaranta ran Talata da yagaggen ɗankwali, na jira har ta so faɗa mini abin da ya faru. Sista ta aiko mata da dafaffen dankali da ƙwai biyu.

Ranar Alhamis na riga kowa isa asibiti. Kantar da ke kusa da teburin ma'aikata wayam take, sai alamar inda akwatin ya daɗe a zaune. Na tambayi mai jinyar da ke bakin aiki. Ta ce ai tun ranar da na yi magana da likita ya ba da umarni a fitar da rediyon daga ɗakin, saboda marasa lafiya. Abin da ya rubuta a takarda a gabana ran nan ke nan. A zuwanmu da yara hankalina bai kai kan kantar ba.

Na yi tunanin in ce wa yarinyar Mama ta ji amma tana buƙatar lokaci. Jimlar har ta haɗu a bakina. Da na isa gida na same ta a zaure tana jira, na gaya mata yadda abin yake: kowa ya ji, ban da wadda aka yi domin ta.

A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun farkon ciwon. Na zauna a ƙasa kusa da ita har ta gama. Ta share fuska da gefen zaninta ta ce, "Katin yana nan?" Na ce yana aljihuna. Ta ce, "To mu je ka karanta mata da baki."

Muka koma a ranar, saura kaɗan a rufe ƙofa. Na tsaya a ƙarshen gadon Yaya, na riƙe katin da hannu biyu, na gyara tsayuwa, na karanta shi da muryar aiki, tun daga sunayen har zuwa "ta sha magani ta dawo". Matan da ke sauran gadajen suka yi tsit. Wata tsohuwa a lungu ta ce amin.

Yaya ta saurara har ƙarshe, kanta a karkace.

"Ka iya karatu, ƙanena," ta ce. "Amma wannan ai kai ne kawai."

Sannan ta dubi yarinyar, ta sake kiran sunanta, ta ce kitsonta ya tsufa, ta zo ta gyara mata kafin uwarta ta dawo ta ga an bar ta haka. Yarinyar ta dube ni. Ban san abin da zan ce mata ba, kuma na yi alkawarin ba zan ƙirƙira ba. Ta je ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun Yaya, ta cire ɗankwalin da kanta.

An sallami Yaya kafin damina. Da magani ta koma girki da wanki, tana zuwa suna da biki, wanda bai sani ba ba zai gane komai ba. Ta riƙe yaran da kyau ƙwarai, ba duka, ba tsawa, irin riƙon amanar da ake jiran mai ita. Duk ranar wanki takan ware kayansu masu kyau ta ninke a wani akwati daban, ta ce kada a zo tafiya da su a tsaya nema. Yarinyar takan bari sai ta shiga kicin, ta kwashe kayan ta mayar cikin na kullum. Wani lokaci takan tambaye ni ko Mama za ta daina, ni kuma in ce ban sani ba. Haka suka yi ta yi, uwa tana ninkewa 'ya tana mayarwa, har shekarar da aka kai yarinyar makarantar kwana. A ranar Yaya ce ta shirya mata akwatin, ta raka ta har bakin mota, ta ce in ta isa ta gaida mamarta.